Kawu Ya Fito Yana Dariya

A wannan makon layi ya zo kanmu, mu na Argungu. Mun san da yawa za su zaci labarin Matan Fada za mu kawo, ko tarihin Kanta da Surame, tunda da su aka fi saninmu. Mu ma da su muka fara. Sai dai da muka ɗaga kai muka ga hadari ya haɗo ta gabas, muka ji ƙamshin ƙasa, sai alƙalamin ya ƙi tafiya. Akwai wani abu da ke cin ranmu tun daminar 2020, ba mu taɓa rubuta shi ba. Yau za mu sauke shi a gabanku, ko Allah zai sa wani ya amfana.

Duk wanda yake Kebbi a ƙarshen watan Agustan 2020 ba sai an tuna masa ba. Gulbi ya cika ya batse, ya haura fadama, ya shanye shinkafar da ta kusa isa yanka. Shugabannin manoman shinkafa na jiha sun ce gonakin da ruwa ya ci sun kai hekta 450,000. Wannan shi ne abin da ya shiga rediyo da jaridu. Abin da bai cika shiga ba shi ne gidajen ƙasa na cikin gari, waɗanda ruwa ke jiƙa gindinsu kwana da kwanaki har katanga ta gaji ta kwanta. A lokacin muna gida. An rufe makarantu saboda korona, mun baro Birnin Kebbi da takardunmu na difloma a cikin buhu, muna zaman jiran a buɗe.

Akwai wani bawan Allah a unguwarmu da kowa ke kira Kawu, har waɗanda suka girme shi. Ƙanen mahaifiyar ɗaya daga cikinmu ne, sunan ya bi shi ya zama na kowa. Masunci ne ɗan masunci, yana kuma taɓa noman shinkafa. Bai wuce shekara arba'in ba. Ƙaƙƙarfan mutum ne, irin masu cinyoyin nan kamar turmi, in ya hau gora da homarsa a hannu sai ka rantse a ruwa aka haife shi. A watan Maris na shekarar, da aka dawo da bikin kamun kifi bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, da shi aka faɗa ruwa. Bai ci kyauta ba, amma ya yi wata guda yana ba mu labarin giwan ruwan da ya kuɓuce masa.

Da ɗakinsu ya fara yoyo, ya kwashe matarsa da yara ya kai su gidan iyayenta. Shi ya ƙi tashi, wai ba zai bar komarsa da 'yan buhunan hatsinsa ba. Ran nan aka kwana ana ruwa. Can bayan tsakar dare bangon gabas ya zame, rufin ya biyo shi. Azara biyu da tulin jiƙaƙƙiyar ƙasa suka danne shi daga ƙugu zuwa gwiwa. Ya yi ta kira, ƙarar ruwa a kan kwanon maƙwabta ta haɗiye muryar. Sai da asuba masu fita masallaci suka ji nishi.

Kafin ka ce kwabo mun taru, mu kusan ashirin, wasu da shebur, wasu da fartanya, wasu da kwanon sha, wasu da hannu kawai. Muna tono yana mana raha. Ya ce, “Ku ɗauko min homata tukuna, ta hi ni tsada.” Muka yi dariya da hawaye a ido. Muka kama azarar, muka ɗaga da kabbara, muka jawo shi waje. Aka dudduba: babu jini sai ƙurjewa, kai lafiya, ƙirji lafiya, yana magana, yana dariya. Inna mahaifiyarsa ta dafa kawunanmu ɗaya bayan ɗaya tana cewa, “Ku da kunka hiddo min shi, Allah shi yi muku albarka, shi ba ku masu yi muku.” Muka koma gida muna jin kanmu jarumai.

In aka lissafa, Kawu ya yi awa biyar ko fiye da nauyin nan a kansa. A ranar ba wanda ya yi wannan lissafi, alhali kuwa shi ne ya fi komai muhimmanci.

Aka kira mai ɗori, dattijon da ya san aikinsa. Ya lalubi ƙafafun tun daga ƙugu har tafin sawu, ya ce babu karaya, jini ne ya kwanta. Gaskiya ya faɗa, ƙashi bai karye ba. Aka dafa ruwa aka shiga gashi, ana bi da tausa da man zafi. Mu 'yan boko aka aika kemis, muka sayo maganin ciwon jiki mai ƙarfi, diklofenak na haɗiya da na allura. Masu dubiya suka yi ta shigowa da ledar ayaba da lemo da dabino, kamar yadda muka saba. Ruwa kuwa kaɗan yake kurɓa, ya ce in ya sha da yawa fitsari zai matsa masa, ga motsi da wahala. Ba wanda ya takura masa.

Da yamma ya yi fitsari a gwangwani. Wanda ya je zubarwa ya kira mu mu gani. Launinsa kamar shayi ba madara da ya daɗe a kan wuta. Muka dubi juna, wani babba ya ce ai mataccen jinin ne ke fita, alamar sauƙi ke nan. Muka ce alhamdu lillahi. Kashegari cinyoyin suka kumbura suka yi tauri kamar itace, fatar har ƙyalli take, ya ce ba ya jin yatsun ƙafarsa. Fitsarin yinin duka bai cika kofin shayi ba. A rana ta uku ko ɗigo. Sai shaƙuwa, sai amai, fuska ta tasa, rahar nan duk ta ɗauke. A rana ta huɗu muka kai shi asibiti, aka ɗebi jini, aka ce mu wuce Birnin Kebbi kada mu tsaya ko'ina.

Likitan da ya karɓe mu a can matashi ne, bai girme mu da yawa ba. Tambaya uku ya yi mana. Awa nawa ya yi a danne? Yaushe rabonsa da fitsari? Me kuka ba shi? Da muka amsa bai yi mana faɗa ba. Cire tabarau kawai ya yi, ya murza idonsa. Ya ce ƙodojin sun tsaya, sai an yi wankin ƙoda, kuma wani gishiri a jininsa ya hau matakin da zai iya tsayar da zuciya a kowane lokaci. Aka shiga neman kuɗi. Aka sayar da tumakin Inna biyu, aka sayar da komar da ya ƙi tafiya ya bari. Aka samu aka yi masa wanki sau ɗaya. Da asubar rana ta shida zuciyar ta tsaya. Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ruwan nan da ƙasar nan su zame masa kaffara.

A zaman makoki mun ji magana iri-iri. Wasu suka ce iskar gidan ce, wasu suka ce jifa ne, mafi yawa suka ce kwana ne ya ƙare. Mu dai tambaya ɗaya ta hana mu barci: yaya mutumin da ya fito ba rauni, ba karaya, yana ba'a, zai mutu da ciwon ƙoda cikin kwana shida? Me ya haɗa cinya da ƙoda? Bayan an yi sadakar bakwai muka koma wurin likitan nan. Ya zaunar da mu a benci, ya juya bayan wata takarda yana zane yana bayani. Daga baya muka bi abin da karatu. Ga abin da muka fahimta, likitocin da ke cikin zauren nan su gyara mana in mun kauce.

Tsoka ita ce kusan kashi 40 cikin ɗari na nauyin jikin lafiyayyen namiji, kuma mafi kaurinta tana cinyoyi da ɗuwawu da sha-raɓa. A cikin ƙwayoyin tsoka akwai abubuwan da aka kulle, masu amfani muddin suna ciki. Akwai gishirin fotasiyam. Akwai wani jan sinadari da ake kira mayogulobin, shi ke ba nama launin ja, aikinsa ajiye wa tsoka iskar da take numfashi da ita. Idan nauyi ya danne tsoka, jini ya daina ratsa ta, ƙwayoyin nan sai su fara mutuwa suna fashewa. Awa ɗaya ta isa ɓarna ta fara. In aka kai awa huɗu zuwa shida, ta yi nisa. Wannan narkewar tsoka ita likitoci ke kira rabdomayolisis. Amma muddin nauyin na kai, dattin yana nan a tsare a wurin, kamar ruwan da aka datse a kunyar fadama. Ɗaga azarar nan da muka yi da kabbara, shi ne fasa datsiyar. Jini ya koma ƙafa, ya kwaso duk abin da ya zube, ya watsa shi cikin jiki.

Daga nan abu uku ke biyowa. Fotasiyam in ya yi yawa a jini yana rikita bugun zuciya, har wani yakan faɗi jim kaɗan bayan an ciro shi, da murmushin tsira a fuskarsa. Na biyu, ruwan jiki yakan tsere daga jijiyoyin jini ya tafi ya taru a tsokar da ta dagargaje, lita da lita. Shi ne kumburin da muka gani. Mutum ya cika da ruwa a cinya, amma jijiyoyinsa sun bushe, ƙoda ba ta samun jinin da za ta yi aiki da shi. Na uku shi ne mayogulobin. Kowace ƙoda tana da 'yan matatai kusan miliyan ɗaya, su biyun suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a yini, su mayar da kusan duka, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari. Idan mayogulobin ya iso da yawa, ya tarar da fitsari kaɗan mai tsami, sai ya daskare a siraran hanyoyin ƙoda ya toshe su, yana kuma ƙona bangonsu. Duk manomin rani ya san yadda laka da ciyawa ke toshe hanyar ban-ruwa in ruwa ya ja baya, ya kuma san in ruwa na gudu da ƙarfi yakan wanke su ya wuce. Shayin da muka gani a gwangwani ba mataccen jini ba ne. Naman cinyar Kawu ne ke fita ta fitsari.

Da likitan ya kai nan, muka fara jero abubuwan da muka yi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya zame mana ƙaya. Gashi da tausa a kan tsokar da ta riga ta dagargaje ƙarin wahala ne gare ta. Diklofenak da danginsa irin su ibufurofen suna rage jinin da ke shiga ƙoda, mu kuwa muka ɗura masa a daidai lokacin da ƙodar ke neman agaji. Ayaba da lemo da dabino abinci ne masu albarka, amma cike suke da fotasiyam, mun yi ta ba shi ga ƙodar da za ta fitar da shi ta tsaya. Ruwan da zai wanke hanya a ranar farko mun bar shi yana kurɓa. Hatta ƙarfin nan nasa da muke alfahari da shi bai taimake shi ba, domin mai tsoka da yawa ya fi zubar da datti da yawa. Duk abin da muka yi da ƙauna muka yi shi, babu wanda ya yi ganganci. Rashin sani ne, wanda Bahaushe ya ce ya fi dare duhu.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne maganin farko ba wani abu ne mai tsada ba. Ƙarin ruwa ne, ruwan gishirin nan na leda da ake ratayawa a kowane ƙaramin asibiti. Ƙa'idar da likitocin ƙoda na duniya suka shimfiɗa ita ce a fara sa shi da wuri, in da hali tun mutum na danne, da zarar an samu hannu ko ƙafar da za a sa allura. Babban mutum akan ba shi kimanin lita ɗaya a awa na awa biyun farko, sannan a rage, ana lura da fitsarinsa, kuma ana guje wa ruwan da ke ɗauke da fotasiyam. Sannan irin wannan tsayawar ƙoda ta bambanta da ta mai hawan jini ko ciwon suga da ta ci shekaru tana lalacewa. Galibi in mutum ya tsallake makonnin farko ƙodar takan farfaɗo. Wankin ƙoda a nan gada ce ta 'yan makonni, a haye a sauka.

Ba kan Kawu aka fara ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai a Landan, likitoci sun ga irin abin da muka gani. Ana ciro mutum daga ƙarƙashin gini da ƙafa a danne, ya farfaɗo, kowa ya yi murna, sai fitsari ya ɗauke, cikin kamar mako guda ya cika. A 1941 wani likita mai suna Eric Bywaters da abokin aikinsa Desmond Beall suka wallafa bayanin mutum huɗu da suka mutu a haka, daga baya aka tabbatar mayogulobin ne ke toshe ƙodar. Ran 7 ga Disamba 1988 girgizar ƙasa ta afka wa Armeniya, aka ciro ɗaruruwan mutane da rai, ƙodojinsu suka tsaya, injinan wanki ba su iso a kan kari ba. Wannan ne ya sa ƙungiyar likitocin ƙoda ta duniya ta kafa runduna ta musamman mai kai ɗauki wuraren bala'i. Da girgizar ƙasa ta auku a yankin Marmara na Turkiyya ran 17 ga Agusta 1999, an lissafa mutum 639 da ƙodarsu ta taɓu, 477 daga ciki sai da aka yi musu wanki, kuma kusan kashi 85 cikin ɗari na waɗannan 639 sun rayu. Wato abu ne da aka sani shekara tamanin, aka kuma san yadda ake tarbarsa. Mu ne labarin bai iso mana ba.

Wani zai ce ai mu Allah ya kare mu daga girgizar ƙasa. Haka ne, amma muna da namu. Ran 11 ga Agusta 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, ginin ƙasa tun shekarun 1830, ya rufta kan masu sallar la'asar, aƙalla mutum bakwai suka rasu. Ran 7 ga Nuwamba 2021 ramin haƙar zinare ya rufta a yankin Ɗan Isa na jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka mutu. Ran 12 ga Yuli 2024 benen wata makaranta ya rushe a Jos ɗalibai na cikin aji, mutum 22 suka rasu, aka ciro wasu da dama da rai. Ba mu manta da turmutsitsin Mina na 24 ga Satumba 2015 ba, inda alhazan Nijeriya da yawa suka kwanta dama, cikinsu har da fitacciyar 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf. A duk irin wannan rana ana ƙirga gawa, ana ƙirga waɗanda aka ceto, labari ya wuce. Mu yanzu in mun ji an ce an ceto mutum kaza, abin da ke zo mana a rai shi ne: yaya fitsarinsu bayan kwana uku?

Kuma ba sai gini ya faɗo ba. Motar da ta kife a hanyar Sakkwato ko ta Birnin Kebbi, buhuna suka danne ƙafar fasinja ana jiran a sauke kaya, abu ɗaya ne. Wanda aka taru aka lakaɗa wa duka da gora da bulala a cinya da baya, ko da ba a fasa masa kai ba, tsokarsa na iya narkewa ƙodarsa ta tsaya. Masu saurin ɗaukar doka a hannu su ji wannan, dukan da suke kira horo yana kisa bayan kwanaki. Matashin da ya sha ƙwaya ya sheme a kan siminti awa goma bai juya ba, nauyin jikinsa kaɗai ya isa ya danne tsokarsa. Haka wanda ya tsananta wa kansa aikin ƙarfi ko atisaye a zafin watan Afrilu ba tare da isasshen ruwa ba. Alamar dai ita ce waccan: ciwon tsoka mai tsanani, kumburi, kasala, da fitsari mai launin shayi ko wanda ke raguwa.

Mun yarda kwanan Kawu ne ya ƙare, babu wanda zai ƙara masa ko daƙiƙa. Amma da wannan imanin ne muka ɗauki shebur muka tono shi, ba mu tsaya mun ce in yana da sauran kwana zai fito da kansa ba. To, kai shi asibiti a ranar shi ma shebur ne, mu ne ba mu san da shi ba. Mun ɗauka aikin ceto ya ƙare a lokacin da muka ga fuskarsa, ashe a lokacin ya fara.

A daminar 2022 Allah ya sake jarraba mu. Wani yaro ɗan shekara goma sha huɗu, ramin da ake ɗiban ƙasar gini a bayan gari ya rufta masa har ƙugu. Abokansa suka tsorata suka ɓoye maganar, sai da aka ɗauki lokaci kafin manya su ji. Wannan karon da muka isa muka rabu biyu. Wasu suka kama tono, biyu suka hau babur suka ɗauko wani ma'aikacin jinya da ke unguwarmu da ledar ruwansa. Ana tono yana laluben jijiya a hannun yaron, wani ya riƙe ledar sama a madadin ƙarfen ratayewa. Muka tambayi yaran tun yaushe, muka rubuta lokacin a waya.

Yaron ya fito yana ɗingishi, yana neman takalminsa. Mahaifinsa ya yi godiya, ya kama hannunsa zai yi gida. Muka ce Baba, sai asibiti. Ya ce, “Yaro lahiya lau, mi za mu tahi yi asibiti? Ku 'yan boko komi sai kun sa a kashe kuɗɗi.” Ba mu ga laifinsa ba, shekarar ta yi tsanani, kuma abin da idonsa ya nuna masa ke nan. Muna cikin roƙo sai ga Inna ta ratso taron da sandarta. Ba ta yi doguwar magana ba. Ta ce, “Malam, nau ma da dariya ya hito.” Mutumin ya yi shiru, ya saki hannun yaron.

A daren farko fitsarin yaron ya yi duhu, gabanmu ya yi ta faɗuwa. Aka ci gaba da ƙarin ruwa, ana auna abin da ya fita, ana ɗiban jini. A rana ta uku ya fara washewa. Bai cika mako ba aka sallame shi, ba a kai ga wanki ba. Ba za mu rantse cewa ledar ruwan nan ce ta tsare masa ƙoda ba, wataƙila ɓarnar tasa ba ta kai ta Kawu ba. Abin da muka sani shi ne yana nan da ransa, yanzu har ya fara bin manya su.

Saboda haka ga 'yan abubuwan da muke roƙon kowa ya riƙe, tunda damina ta kama.

In gini ko rami ko mota ta danne mutum, a gaggauta ciro shi, amma tun da aka fara tono a tura wani ya ɗauko ma'aikacin lafiya mafi kusa da ruwan ƙari. A kira 112 in tana shiga. Kada a bar mutum a danne don jiran wanda ba a san ranar zuwansa ba.

A riƙe lokaci. Ƙarfe nawa abin ya faɗo, ƙarfe nawa aka ɗaga. Ita ce tambayar farko da likita zai yi.

Duk wanda ya kai kamar awa ɗaya a danne, musamman a cinya ko ɗuwawu ko sha-raɓa, a kai shi asibiti a ranar, ko yana dariya, ko yana tafiya da ƙafarsa. A faɗa wa likita ƙarara cewa danne shi aka yi, a roƙi a duba ƙoda da gishirin jini.

Kada a gasa, kada a tausa, kada a ba da diklofenak ko ibufurofen. Ayaba da lemo da dabino su jira izinin likita. Iyayenmu masu ɗori, muna girmama hannunku, amma in aka kawo muku wanda ya daɗe a danne, ku ce a fara zuwa asibiti, ƙashi zai jira.

In yana cikin hayyacinsa, ba ya amai, babu alamar rauni a ciki, ana iya ba shi ruwa mai tsafta a kan hanya. Amma in fitsari ya riga ya ɗauke, kada a ɗura masa ruwa a gida, domin ba shi da hanyar fita, huhu zai tafi.

A sa ido a kan fitsari, launinsa da yawansa, na kwanaki. Mun san abin kunya ne a wurinmu yaro ya tambayi babba ko ya yi fitsari, balle ya ce zai gani. A jure kunyar nan, ta fi zaman makoki sauƙi. In cinya ko ƙwauri ya yi tauri, ciwo na ƙaruwa, yatsu sun mutu, wannan ma na gaggawa ne, wani lokaci sai an tsaga an sassauta wa tsokar kafin a tsira da ƙafar.

Sannan rigakafi. Katangar da ta tsage, ko gindinta ya jiƙe yana zubar da gari, kada a kwana kusa da ita don tsaron kaya. Kawu ya ƙi barin komarsa, ƙarshe komar aka sayar.

Homarsa dai mun tono ta daga baya, sandar ɗaya ta karye aka sake mata wata. Tana rataye a ɗakin Inna, babban ɗansa yana jiran hannunsa ya isa riƙe ta. Duk sanda muka shiga gaishe ta muka ga homar nan, sai mu tuna asubar da muka koma gida muna jin kanmu jarumai.

'Yan uwa, in kunne ya ji, jiki ya tsira. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa, a tashar babura, a bakin gulbi. Kowa ya nemi lambar ma'aikacin lafiyar unguwarsu ya ajiye tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikinmu, muna jiran gyaranku da ƙarin bayaninku a ƙasa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da rushewar gini da ambaliya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Mu kwana nan, sai wani makon in Allah ya kai mu.

Daga 'yan uwanku na Argungu.